Bayani kan inshorar kayan gida yayin ƙaura a Amurka

A Amurka, diyyar da mai gida zai samu idan kayansa suka ɓata ko suka lalace a hannun kamfanin dakon kaya ta dogara ne kan zaɓin da ya yi kafin a ɗora kayan a mota.

Hukumar tarayya mai sa ido kan motocin dakon kaya, wato FMCSA, wadda aka kafa a shekarar 2000 a ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri, ita ce ke kula da masu kwashe kaya daga wata jiha zuwa wata. Ƙaura a cikin jiha ɗaya kuwa, dokokin jihar ne ke hukunci a kanta.

Tushen wannan tsari shi ne gyaran doka na Carmack na 1906, wanda ya ɗora wa mai dako alhakin kayan da aka damƙa masa.

Zaɓi biyu

Doka ta tilasta wa kamfanonin su gabatar da zaɓi biyu.

Na farko kyauta ne, amma ana lissafin diyyarsa da nauyi ne, ba da daraja ba: santi 60 kan kowace laba, kimanin dala 1 da santi 32 ke nan kan kilo guda. Saboda haka idan talabijin mai nauyin laba 50 ya fashe, dala 30 kacal za a biya, komai tsadarsa.

Na biyu ana biyan kuɗi a kansa. A ƙarƙashinsa, wajibi ne kamfanin ya gyara abin da ya lalace, ko ya maye gurbinsa da irinsa, ko ya biya kuɗinsa. Wannan ne ke aiki kai tsaye, sai fa idan mai kayan ya sa hannu cewa ya zaɓi na farkon.

Sai dai kamfanin na iya taƙaita alhakinsa kan kayan da darajarsu ta haura dala 100 kan kowace laba, kamar gwal da sauran kayan ƙawa, muddin ba a rubuta su a takardun dakon ba.

Ba inshora ba ce

A ido na doka, duka zaɓin biyu ba inshora ba ne. Iyaka ce kawai ta alhakin da ke kan mai dako. Inshora ta haƙiƙa daga kamfanin inshora ake sayenta, kuma dokokin jihohi ne ke tafiyar da ita.

Haka kuma akwatunan da mai gida ya ɗaure da kansa sun fi wuyar neman diyya, domin da wuya a tabbatar da cewa laifin kamfanin ne.

Neman diyya

Mai kayan na da watanni 9 daga ranar da aka sauke su domin ya shigar da buƙatarsa a rubuce.

Kamfanin na da kwanaki 30 ya tabbatar da samun takardar, da kuma kwanaki 120 ya biya, ko ya ƙi, ko ya yi tayin sasantawa.

Idan aka gaza cimma matsaya, ana iya zuwa gaban mai shiga tsakani, ko kuma kotu.