BABI NA UKU: TARIHIN KAYAN SU DA JIRAGEN RUWA A ƘASAR GUSAU, TSAFE DA BUNGUƊU

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin kayayyakin da masunta ke amfani da su a ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, da yadda ake shirya su, da kuma sauye-sauyen da suka samu. Manufar babin ita ce a nuna cewa yanayin ruwan yankin shi ne ya tsara wa masunta irin kayan aikinsu, kuma da zamani ya sauya yanayin ruwan sai kayan su ma suka sauya.

3.1 Yanayin Ruwan Yankin

Gulbin Sakkwato shi ne babban ruwan wannan yanki. Ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, sannan ya nufi Talatar Mafara. A gaɓarsa ne Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, bayan faɗuwar 'Yandoto a lokacin jihadi. Gulbin yakan cika ya batse da damina, amma da rani sai ya janye ya bar yashi da gurabu masu zurfi nan da can. A ƙasar Tsafe kuwa, wadda duwatsu suka yi wa yawa, rafuka da tafkuna da kududdufai su ne wuraren su.

Wannan yanayi ya sa su ya zama sana'ar rani ga mafi yawan masu yin sa, domin da damina manoma ne. Haka kuma ya sa ba su buƙaci manyan jirage irin na Sarkawan Kabi da Yawuri ba, waɗanda ruwansu ba ya ƙafewa.

3.2 Kayan Su na Gargajiya

Koma ita ce uwar kayan su a ƙasar Hausa, kuma daɗewarta ce ta sa ta shiga karin magana, inda ake cewa, kifi na ganin ka mai jar koma. Raga ce da ake ɗaura wa tanƙwararren icce, masunci ya riƙe ɗaya a kowane hannu, ya nutsa ya haɗe bakinsu a kan kifi. A da, da zaren auduga ko na rama ake saƙa ta. Da yake irin wannan zare yana saurin ruɓewa, dole ne a shanya koma da zarar an fito, kuma akan jiƙa ta cikin ruwan sassaƙen itace don ta ƙara ƙarko.

Gora shi ne abokin tafiyar koma, kuma shi ne jirgin masunci guda. Akan zaɓi babba wanda ya ƙosa sosai, a fafe bakinsa, a kwashe cikinsa, a bar shi ya bushe. Masunci yakan kifa cikinsa a kai ya riƙa iyo da ƙafa, abin da ya kama kuma ya jefa ciki. Gora mai tsaga ba a shiga ruwa mai zurfi da shi, ko da an ɗinke shi. Wannan salo na koma da gora shi ne ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samu siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu.

Bayan waɗannan akwai fatsa, wadda yara kan fara koyon su da ita, ana sa mata tana ko gara. Akwai mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa da ake shimfiɗawa da yamma a duba da asuba. Akwai sankiya da sauran tarkunan da ake saƙawa da tsirkiyar itace, a girke su bakinsu na fuskantar hanyar kifi. Sai kuma mashi, don manyan kifaye. Tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu su ne aka fi samu, gaiwa kuwa da rani haƙo ta ake yi daga busasshen laka.

3.3 Kwalekwale da Shirya Shi

A wannan yanki an fi sanin kwalekwale da fito, wato ƙetarar da mutane da kaya idan gulbi ya kawo. Masassaƙa ne ke fafe shi daga gungumen icce guda, kamar maɗaci ko kawo ko maje. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci sai jirgin katako ya maye gurbinsa, wanda ake haɗawa da ƙusa, a cusa auduga ko tsumma a mahaɗarsa, a bi da kwalta.

Ƙa'idojin shirya jirgi ba su sauya ba. Sabon jirgi akan bar shi cikin ruwa ya kwana biyu don katakon ya kumbura ya toshe kafofinsa. Kaya masu nauyi a tsakiya ake ajiye su, kuma a ƙasa, domin nauyin da ya yi sama shi ke kifar da jirgi. Ba a tashi sai da ƙwaryar kwarfe ruwa. Inda ruwa bai da zurfi da doguwar sanda ake tuƙi, inda ya yi zurfi kuma da filafili. Idan mutum biyu ne, mai tuƙi na baya, mai jefa raga na gaba.

3.4 Sauye-sauyen Zamani

Sauyi na farko ya zo ta hanyar kasuwa. Isowar jirgin ƙasa Gusau a ƙarshen shekarun 1920 ta mayar da garin cibiyar ciniki, ƙugiyoyin kanti suka fara ture na maƙera. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 zaren nailan ya bazu a Nijeriya. Shi ba ya ruɓewa a ruwa, sai dai rana na cinye shi, don haka a inuwa ake shanya shi, saɓanin na auduga. Arharsa ta sa birgi, wato ragar jifa mai dalma a gefe, da kalli, wato ragar da ake kafawa kifi ya sarƙe a ciki, suka yawaita.

Sauyi na biyu shi ne na madatsun ruwa. An kammala madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka kuma datse gulbin a Gusau don samar da ruwan sha. Wannan ya haifar da ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa, inda koma da gora ba su da tasiri sosai. A nan ne kwalekwale ya zama kayan su na yau da kullum, su kuma ya zama sana'ar shekara ga wasu.

3.5 Abin da Sauyin ya Haifar

A tsarin gargajiya Sarkin Ruwa ne ke faɗin ranar da za a shiga gurbi, kuma hutun da ruwan ke samu shi ke ba kifi damar hayayyafa. Da raga ta zama abin saye ga kowa, sai wannan iko ya yi rauni. Wasu suka koma ga raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, wasu kuma ga zuba guba irin Gamalin 20. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga, amma zartar da ita a ƙauyuka ya yi wuya.

Ta fuskar rayuka ma an ga illa. A ranar 30 ga Satumba 2006 madatsar Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, kimanin mutum 40 suka rasu. A Satumbar 2024 kuma jirgin da ya ɗauko manoma ya kife a Gummi, a yammacin jihar, mutane da dama suka halaka. Lodi fiye da kima da rashin rigar kariya su ne aka fi dangantawa da irin wannan haɗari. Har ila yau, matsalar 'yan bindiga da ta ta'azzara bayan 2011 ta hana masunta da dama kaiwa ga ruwayen da ke nesa da gari.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda koma da gora suka dace da gulbin da ke ƙafewa, da yadda nailan da madatsun ruwa suka kawo raga da kwalekwale. An kuma ga cewa kayan sun ƙaru amma ƙa'idojin da ke tsare kifi da masunci sun ragu. Babi na gaba zai duba sarautar Sarkin Ruwa da matsayinta a yau.