Asalin Landiroba: Motar Manoma da Ta Zama ta Masu Mulki

Kwanan baya gardama ta kaure a ɗakin kwananmu a kan asalin Landiroba. Wani abokina ya rantse cewa Turawa sun ƙera ta ne musamman domin mallakar ƙasashen Afirka, wani kuma ya ce motar yaƙin Hitila ce. Ni ma da haka na ɗauka, domin kakana ya yi direba a En'e, kuma duk labarin rangadin da ya taɓa ba mu, da Di'o da Landiroba yake farawa. Da na bi diddigi sai na tarar dukkanmu mun yi kuskure.

Motar da ta yi yaƙin ita ce jif ta Amurka, wadda kamfanonin Willys da Ford suka ƙera fiye da 600,000 kafin a gama yaƙi a 1945. Ɗaya daga cikin ragowar nan ta faɗa hannun wani Bature mai suna Maurice Wilks, babban mai tsara motoci a kamfanin Rover na Ingila. Yana da gona a tsibirin Anglesey, a yankin Wales, inda yake aiki da ita. Wansa Spencer Wilks shi ne shugaban kamfanin, kuma a lokacin kamfanin yana cikin tsaka mai wuya. Motocinsu na ƙawa ne, mutane kuwa sun fito daga yaƙi hannu babu nauyi. Ga shi gwamnati ce ke rabon ƙarfe, tana fifita masu sayar da kaya a ƙasashen waje.

To, a 1947 sai Maurice ya kawo shawarar a ƙera wata mota mai kama da jif domin manoma, a riƙa lallaɓawa da ita kafin kasuwa ta farfaɗo. Watau ta wucin gadi ce. Ta gwaji ma a kan ƙarafan jif aka ɗora ta, sitiyarinta a tsakiya kamar na tarakta, daga baya aka watsar da wannan dabara.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, ya mai karatu, shi ne yadda rashi ya gyara motar. Tun da ƙarfe ya yi wuya, sai aka yi bodinta da alminiyam, wanda ya fi samuwa saboda ƙirar jiragen sama. Aka bar shi shafe-shafe, babu lanƙwasa, don kada a kashe kuɗi wajen sayen injunan matsa ƙarfe. Koren fentin nan nata na farko ma ragowar na sojoji ne. Alminiyam kuwa ba ya tsatsa, shi ya sa har yau za ka ga tsohuwar Landiroba yashe a bayan gareji, inji ya mutu tuntuni amma bodi na nan garau.

An fara nuna ta a bikin motoci na Amsterdam ran 30 ga Afrilu 1948, a kan fam 450. Injinta ƙarami ne, lita 1.6, amma duk ƙafafunta huɗu suna ja, kuma tana da ƙaramar giya ta hawan tudu da fita daga taɓo. An kuma yi mata wurin haɗa injin gona, ta juya shi tana tsaye. Ba a daɗe ba ta fi motocin ƙawar kamfanin kasuwa. Mai shan gas ta fito a 1957, sabon samfuri a 1958, ta miliyan ɗaya kuma a 1976.

Sa'ad da ta fito, Ingilishi sun yi shekara 45 da cin Kano da Sakkwato, saura shekara 12 a ba Nijeriya mulkin kai. Saboda haka zancen abokina bai tsaya ba. Sai dai ban ga laifinsa sosai ba, domin abin da aka yi niyya daban, abin da talaka ya gani daban. Manomin ƙasar nan bai saye ta ba. Ya gan ta ne ɗauke da Di'o, ko hakimi, ko 'yan doka, ko malaman allurar shanu, ta biyo hanyar da a da sai doki. Kakana ya ce da damina, idan rafi ya cika, sukan kwance bel ɗin fanka don kada ta watsa wa inji ruwa, su kutsa, yaran gari na biye da su da ihu. Ya ce kuma akwai ƙauyukan da jin ƙararta kawai kan sa magidanta su shige dawa, don sun san lokacin haraji ne.

Jikanyarta da ake kira Defender, wadda ta riƙe kamanninta, an daina ƙera ta a masana'antar Solihull a watan Janairu 2016, shekara 68 bayan ta farko. Abokin nawa dai har yanzu bai sallama ba, ya ce sai na kawo masa hoton Baturen yana noma da ita.