Yadda ake zaɓen giya da daidaita motar rimot don tsere a rufaffen zaure

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, idan hunturu ya kankama, masu tseren ƙananan motocin da ake tuƙawa da rimot kan bar filayen waje su koma cikin rufaffun zauruka. A can ake shimfiɗa kafet, a kewaye shi da shinge, a fitar da hanya mai yawan kwana. Motocin sun bambanta da na wasan yara da ke cika kasuwa lokacin sallah. Harhaɗa su ake yi sashe-sashe, suna da giya da bel da shokazoba, kuma kusan kowane sashe ana iya canza saitinsa. A irin wannan fili, miƙaƙƙiyar hanya gajera ce, kwanoni ne suka fi yawa, shi ya sa zaɓen giya da daidaita zaman mota a ƙasa ke raba mai nasara da wanda zai koma gida da ƙonannen inji.

Wasan da tsarinsa

Wasan yana da hukumomi kamar sauran wasanni. A Amurka an kafa ROAR a 1967, a Turai aka kafa EFRA a 1973, sannan aka kafa hukumar duniya, IFMAR, a 1979. A Faransa hukumar FFVRC ce ke kula da shi. Cikin direbobin da suka yi suna akwai Masami Hirosaka ɗan ƙasar Japan, wanda ya ci kambun duniya har sau 14.

Motoci iri biyu suka fi yawa a kan kafet. Akwai mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na motar gaske. Faɗinta kusan milimita 190 ne, tayoyinta huɗu duk suna ja, na roba ne, kuma tana aiki da batirin LiPo mai ɗaki biyu, volt 7.4. Akwai kuma mai girman 1/12, wadda tayoyin baya kaɗai ke ja, na soso ne, batirinta ɗaki ɗaya, volt 3.7. Wannan ta biyun an yi gasar duniyarta ta farko a 1982 a Anaheim da ke jihar Kalifoniya.

Da lokaci ake yin tseren: yawanci minti 5 ga mai 1/10, minti 8 ga mai 1/12. Wanda ya fi yawan zagaye a cikin lokacin shi ya ci. Kowace mota tana ɗauke da wata ƴar na'ura da ke sanar da kwamfuta duk lokacin da ta ƙetare layi, don haka ana sanin lokacin kowane zagaye dalla-dalla. Wannan agogo shi ne alƙalin kowane gyara da za a yi wa mota.

Ƙaramar giya da babbar giya

A bakin injin lantarkin akwai ƙaramar giya ta ƙarfe, wadda kundin kayayyakin Faransa ke kira pignon. Tana cizon wata babba, yawanci ta roba mai tauri, wadda ake kira couronne. Daga babbar giya ƙarfi ke wucewa zuwa tayoyi ta bel ko ta sandar juyi. Wannan sashe na ƙarshe yana da nasa lissafin da kamfani ya riga ya ƙayyade, yana nan rubuce a littafin motar. A motocin tsere masu bel da dama 1.9 ne, a Tamiya TT-02 kuwa 2.6 ne.

Abin da direba ke son sani shi ne lambar giya, wato sau nawa inji zai juya kafin taya ta juya sau ɗaya. Ana raba haƙoran babbar giya da na ƙaramar, sannan a ninka da lissafin cikin motar. TT-02 tana zuwa da babbar giya mai haƙora 70 da ƙarama mai 22, lambarta 8.27 ke nan. Motar da lissafin cikinta 1.9 ne, aka sa mata babbar giya mai haƙora 96 da ƙarama mai 45, lambarta 4.05. In aka mayar da ƙaramar 47, lambar ta sauko 3.88. In aka mayar da ita 43, ta hau 4.24.

Ƙaramar lamba tana nufin giya mai nauyi: gudu a miƙe zai ƙaru, tashi daga kwana zai ragu, inji zai ja wuta da yawa ya yi zafi. Babbar lamba tana nufin giya mai sauƙi: mota za ta zabura da wuri, amma gudunta zai tsaya tun ba ta kai ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya ba. Duk wanda ya taɓa hawa tudu a kan babur mai lodi da giya ta huɗu ya san halin da inji ke shiga idan aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Ƙarfin inji ma yana da nasa hukunci. Ana rarraba injinan ne da yawan naɗin wayar da ke cikinsu: 21.5 da 17.5 da 13.5 su ne na rukunonin da aka taƙaita gudunsu, masu naɗi 4.5 ko 5.5 kuma na ƙwararru ne. Mai naɗi da yawa ba ya juyawa da sauri, don haka yana ɗaukar giya mai nauyi. A mota mai 1/10, injin 17.5 kan yi aiki da lamba wajen 4, mai naɗi 4.5 kuwa kan buƙaci 7 ko fiye. Wasu gasanni sukan ƙayyade lambar da ba a yarda a sauko ƙasa da ita ba, saboda haka da karanta dokar gasa ake farawa.

Girman haƙori da cizon giya

Haƙoran giya ba girmansu ɗaya ba. A kan kafet an fi amfani da masu lamba 64, waɗanda haƙoransu ƙanana ne, ba su da ƙara, kuma suna ba da damar canza lambar giya kaɗan-kaɗan. Masu lamba 48 sun fi kauri da jure ƙura da tsakuwa. Tamiya kan yi amfani da ma'aunin mita, kamar 0.6 da 0.4. Ba a haɗa ƙaramar giya ta wani ma'auni da babbar giya ta wani. Ko sun yi kamar sun shiga juna, cikin ƴan mintuna haƙoran babbar za su gwigwiye.

Tazarar da ke tsakaninsu ma abin lura ce. In sun matse, inji zai wahala ya yi zafi. In sun yi sako-sako, haƙora za su zube a karon farko da mota ta daki shinge. Dabarar da aka saba ita ce a sa ƴar siririyar takarda a tsakaninsu, a matso da inji, a ɗaure kusoshinsa, sannan a zare takardar. Daga nan a riƙe ƙaramar, a girgiza babbar: ya kamata a ji ɗan motsi kaɗan. A gwada a wurare uku ko huɗu, domin ba kowace giya ce kewayenta ya yi daidai ba.

Takun mota

Ga mai 1/12, lambar giya kaɗai ba ta isa ba, saboda tayar soso tana cinyewa, faɗinta na raguwa daga tsere zuwa tsere. Abin da ake lissafawa shi ne taku, wato tazarar da mota ke ci a juyi ɗaya na inji. Ana auna faɗin taya, a ninka da 3.14 don samun kewayenta, a ninka da haƙoran ƙaramar giya, a raba da na babbar.

Taya mai milimita 43, da ƙaramar giya 40 da babba 76, takunta milimita 71.1 ne. Idan tayar ta cinye ta koma 41, takun ya sauko 67.8, ko da ba a taɓa giyar ba. Mayar da ƙaramar giya 42 zai dawo da shi 71.1. Direban da bai auna taya ba zai ga motarsa ta rage gudu, ya ɗora laifin a kan batiri ko inji, alhali soso ne ya ragu.

Zafin inji

Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara da giya mai sauƙi. A yi gudu na minti biyu ko uku, a tsaya, a auna jikin inji da ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa daga nesa. In bai yi zafi ba, kuma mota tana ƙure gudunta tun a tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya, sai a ƙara haƙori ɗaya a ƙaramar giya, a sake gwadawa, har a kai ga cikakken lokacin tsere. Direbobi da yawa ba sa barin inji ya wuce digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salsiyos. Zafin da ya wuce kima yana raunana maganaɗisun cikin inji, kuma ƙarfin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Alamar giya ta yi nauyi ita ce mota ta fara da ƙarfi, amma zagayen ƙarshe-ƙarshe su riƙa yin jinkiri. Zagaye ɗaya mai ban mamaki ba ya cin tsere idan minti na huɗu da na biyar sun lalace. Sauri kan haifi nawa.

A nan akwai abin da ya shafi mai irin wannan mota a yankin Sahel. Takardun saiti da ƙwararrun direbobi ke wallafawa yawanci an cika su ne a zaurukan Turai lokacin sanyi. Inda zafin rana ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kamar Yamai ko Damagaram, inji yana fara aiki ne da zafi a jikinsa. Ya kamata a rage haƙori ɗaya ko biyu daga abin da takardar ta nuna, a sa wa injin ƴar fanka, a kuma bar shi ya huce tsakanin gwaji da gwaji.

Zaman mota a ƙasa

Giya mai kyau ba ta da amfani idan mota ba ta kama ƙasa ba. Ana yin awon a kan shimfiɗaɗɗen katako ko gilashi, da batiri a cikin motar, kamar yadda za ta shiga tsere.

Tsayin gindin mota daga ƙasa shi ne na farko. A gasanni da yawa, doka ta hana mai 1/10 sauka ƙasa da milimita 5, mai 1/12 kuma ƙasa da 3, don kada a yaga kafet. Ana saitawa ɗan sama da wannan iyaka, bayan kuma ya ɗan fi gaba tsayi.

Na biyu karkatar taya. Ana karkatar da saman tayoyi zuwa ciki da digiri 1.5 zuwa 2, domin idan mota ta jingina a kwana, fuskar taya ta kwanta sosai. Yadda taya ke cinyewa yana nuna ko an dace: in gefen ciki kaɗai ke ci, karkatar ta yi yawa.

Na uku inda tayoyi suka fuskanta. Na baya ana ɗan tattara bakinsu ciki da kusan digiri 3, abin da ke hana bayan mota wutsil-wutsil idan an ba ta wuta. Na gaba ana ɗan buɗe su waje da kusan digiri 1 don mota ta shiga kwana da wuri.

Sai sifirin da man shokazoba da sandar hana tangaɗi. Ƙa'idar ita ce ɓangaren da aka ƙara wa tauri yakan rage riƙon ƙasa. Idan mota tana ƙin juyawa tana miƙewa zuwa shinge, a sassauta gaba. Idan bayanta ke zamewa, a sassauta baya. Nauyin hagu da na dama ma sai sun yi daidai, tunda batiri yana gefe ɗaya, inji da sauran kayan wuta suna ɗaya gefen. Motar da ke juyawa dama da kyau amma tana ƙin hagu, sau da yawa nauyi ne bai daidaita ba, ko gindinta ya murɗe bayan karo.

Idan kafet ya yi kamu

Kafet yana canzawa a cikin yini guda. Direbobi kan shafa wa tayoyi wani ruwa mai tausasa roba, kuma wannan ruwa da ɓurɓushin taya suna taruwa a layin da motoci ke bi har ya yi baƙi. Da safe mota na iya zamewa, da yamma kuma riƙon ya yi yawa har ta kife a tsakiyar kwana ba tare da ta taɓa komai ba. Magungunan da aka sani su ne a rage shafa ruwan a tayoyin gaba, a shafa gam mai saurin bushewa a gefen wajensu, a rage karkatarsu, a kuma rage yawan juyin sitiyari daga rimot.

Batiri da littafin saiti

Ba a cajin batirin LiPo fiye da volt 4.20 a kowane ɗaki, wato 8.40 ga mai ɗaki biyu, kuma alƙalai kan auna kafin tsere. Ana cajinsa a cikin jakar da ba ta kama wuta, ba a barinsa a rana ko cikin rufaffiyar mota, wanda ya kumbura kuma ba a sake amfani da shi.

Ƙa'idar da ta haɗa duk waɗannan ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canza giya da sifirin da karkatar taya gaba ɗaya, ko motar ta gyaru ba zai san wanne ya gyara ta ba. Bayan kowane gwaji ana rubuta haƙoran giya biyun, da faɗin taya, da zafin inji, da zafin zaure, da lokacin zagaye mafi sauri da na ƙarshe. Idan agogo ya nuna gyaran bai ƙara komai ba, a mayar da shi yadda yake, a gwada na gaba.