Bel da tenshina: aikinsu a injin mota, alamomin lalacewarsu da yadda ake canza su

Bel ɗin inji madauri ne na roba da aka ƙarfafa da zare, wanda ke ɗaukar juyin inji ya kai wa wasu sassan mota. Tenshina kuwa, kamar yadda kanikawa ke kiranta, ita ce ƙaramar na'urar da ke danne bel ɗin don kada ya saki. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin inji, amma tsinkewar bel kan tsayar da mota nan take. A yankin Gazara da ke Ƙaramar Hukumar Maƙarfi, da maƙwabtanta Ikara da Kudan, inda motoci ke jigilar rake da tumatir da barkono zuwa Zariya da Kano, tsayawar mota wuni guda a gefen hanya na iya janyo asarar kwandunan tumatir masu yawa.

Irin bel ɗin da ke cikin mota

Na farko shi ne fanbel, mai siffar harafin V, wanda Ba'amurke John Gates ya ƙirƙira a birnin Denver a shekarar 1917. Shi ne ke cikin tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri, Kaduna, bayan buɗe shi a 1975. Irinsa ne kuma ke juya injin niƙa da na markaɗe a ƙauyuka.

Na biyu shi ne dogon bel mai faɗi da layuka a cikinsa, wanda ke zagaye fuli da yawa a lokaci guda. Ya fara fitowa a motar Ford Mustang ta 1979, yanzu kuwa kusan kowace mota shi take amfani da shi. Yana juya alternata mai cajin batir, da famfon sitiyari, da kwampuresar esi, a wasu motocin har da famfon ruwa.

Na uku shi ne taimin bel, mai haƙora, da ke ɓoye a bayan murfi. Aikinsa daidaita juyin karanshaf da na kamshaf don bawul su buɗe su rufe a kan lokaci. Golf 3 mai injin 1.6 ko 1.8 da Peugeot 406 duk suna da shi, amma Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Honda Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007 sarƙa suke amfani da ita a maimakonsa. Ya kamata mai mota ya san wanne ke cikin motarsa, domin a injuna da dama idan taimin bel ya tsinke, fistin kan doki bawul ya lanƙwasa su, gyara kuma ya koma na sauke kan inji.

Yadda tenshina take aiki

A tsofaffin motoci, bakanike ne ke ɗaure bel da hannu: ya sassauta notin alternata, ya ja ta baya, ya sake ɗaurewa. Ana gwada ɗaurin da babban yatsa. Idan aka danna tsakiyar bel ɗin, bai kamata ya lotsa fiye da kimanin santimita 1 ba. A motocin zamani tenshina ce ke yin wannan aiki da kanta. Tana da hannu na ƙarfe, da sifirin mai ƙarfi a cikinta, da fuli mai juyawa a kan boris. Duk sa'ad da bel ya ɗan miƙe, sifirin ɗin sai ya tura hannun ya cike giɓin. Akwai kuma abin da ke rage mata rawa, don kada girgizar inji ta riƙa kaɗa bel ɗin.

Idan ɗauri ya yi sako-sako, bel zai riƙa sulɓewa, ya yi zafi, caji ya ragu. Idan kuma ya yi tsanani, boris ɗin alternata da na famfon ruwa ne za su ci wuya, su mutu kafin lokacinsu.

Alamomin lalacewa

Alamar da aka fi sani ita ce ƙara mai kama da kukan tsuntsu da sassafe, ko lokacin da aka kunna esi, ko aka murɗa sitiyari har ƙarshe. Akwai gwaji mai sauƙi: a fesa ruwa kaɗan a cikin bel ɗin yayin da inji ke aiki, ba tare da kusanto da hannu ko bakin riga ba. Idan ƙarar ta ƙaru, ɗauri ne ya yi rauni. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci sannan ta dawo, to akwai fulin da ya kauce daga layi.

Sauran alamomin sun haɗa da kunnuwar fitilar batir, nauyin sitiyari, hawan allurar zafi, da rawar hannun tenshina fiye da ƙima. Alternata mai lafiya kan ba da wuta tsakanin bolt 13.5 da 14.5 idan inji na aiki.

Akwai abin lura game da sabon nau'in bel. Wanda ake yi da robar EPDM ba ya yawan tsattsagewa kamar na da. Layukansa ne ke cinyewa a hankali kamar tayar mota. Saboda haka rashin ganin tsagewa ba ya nufin bel yana da lafiya. Masu ƙera shi kan ƙiyasta masa kilomita 80,000 zuwa 160,000, taimin bel kuma daga 60,000 zuwa 120,000, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Ƙurar hunturu, da zafin bazara, da ruwan damina a hanyoyin karkara irin waɗanda ke haɗa Gazara da gonakin kewaye, duk suna rage wannan wa'adi. Ƙura kan shiga boris ta busar da girisinsa, tsakuwa kuma kan maƙale tsakanin layuka.

Yadda ake canzawa

Ana fara aiki ne bayan inji ya huce, an kuma cire wayar batir ta baƙi. Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton yadda bel ɗin ya bi fuli-fuli, domin mayar da shi ta hanyar da ba daidai ba kan sa famfon ruwa ya juya baibai. Sai a sa doguwar sifana a kan tenshina, a juya ta don ta saki, a zare bel, sannan a bar ta ta koma a hankali. Sakin ta da ƙarfi kan fasa ta, ko ya datse yatsa.

Daga nan sai a juya kowane fuli da hannu. Wanda ya yi gurnani, ko ya yi lilo, ko ya yi ta juyawa ba tsayawa kamar babu giris, boris ɗinsa ya ƙare. A duba ko baƙin mai ko ruwan lagireto na ɗiga a wurin, domin idan ba a toshe yoyon ba, sabon bel ma zai kumbura ya lalace. Tenshina kan tsufa kusan tare da bel, shi ya sa ya fi dacewa a canza su tare. Bayan an ɗaure sabuwar, a zagaya bel bisa hoton, a tabbatar kowane layi ya zauna a raminsa, sannan a tayar da inji a saurara na 'yan mintuna.

Taimin bel aikin gwani ne, domin sai an daidaita alamomin karanshaf da na kamshaf, an kuma juya inji da hannu zagaye biyu kafin a tayar. Inda shi ne ke juya famfon ruwa, kamar a Peugeot 406, ana canza famfon a lokaci guda don kada a biya kuɗin aiki sau biyu.

Sayen kaya

Masu motoci a wannan yanki kan sayi kayan gyara a Sabon Garin Zariya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Lambar da ke jikin bel ita ce jagora. Idan an rubuta 6PK1200, ma'anarta layuka 6 da tsawon milimita 1,200. A tafi da tsohon bel ko lambarsa, domin tsawon kan bambanta tsakanin mota mai esi da marar esi ko da injinsu ɗaya ne. Tenshina ta hannu, wadda ake kira 'yar Beljiyam, ta fi araha, amma ba a iya gane ƙarfin da ya rage a sifirinta da ido. Bel kuwa bai kamata a sayi na hannu ba sam.

Shafa sabulu ko man birki a bel don kashe ƙara ɓoye cuta ne kawai, kuma mai yana cin roba. Idan bel ya tsinke a hanya, a duba allurar zafi nan da nan. In shi ne ke juya famfon ruwa, tafiyar 'yan mintuna ta isa ta ƙone gasket. Abin da ya fi shi ne a tsaya a gefe a kashe inji. Direban da ke bin hanyar Tashar Yari zuwa Maƙarfi da Ikara da kaya masu saurin lalacewa, zai yi wa kansa gata idan ya ajiye sabon bel da sifanar da ta dace a cikin but.