Daga Sakandare zuwa Jami'a: Shirya Ɗalibai Masu Farfaɗiya da Naƙasar Jiki don Neman Sassauci a Amurka

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dokokin Amurka da suka shafi karatun ɗalibai masu naƙasa, domin gano abin da ke sauyawa idan ɗalibi ya bar sakandare. Ta nuna cewa nauyin neman sassauci yana sauka daga wuyan makaranta ya hau wuyan ɗalibi, kuma mai farfaɗiya ne ya fi shan wuya idan ba a shirya shi ba.

1.0 Sauyin Doka

A firamare da sakandare, dokar IDEA, wadda tushenta ya faro daga 1975, ta ɗora wa makaranta alhakin zaƙulo yaro mai naƙasa, ta auna shi kyauta, ta rubuta masa tsarin karatu tare da iyayensa. Gyaran 2004 ya wajabta fara tsara makomarsa daga shekara 16. Da zarar ya kammala sakandare, wannan gata ya ƙare. Jami'a tana bin Sashe na 504 na dokar 1973 da dokar ADA ta 1990, waɗanda suka haramta wariya amma ba su tilasta mata neman kowa ba. Ɗalibi ne zai tunkari ofishin masu naƙasa da kansa, da takardar likita a hannu. Ko bayanan karatunsa, dokar FERPA ta 1974 ta mayar da ikonsu gare shi. Sassaucin ma yana da iyaka: a shari'ar Davis ta 1979, Kotun Ƙoli ta ce ba dole jami'a ta sauya ginshiƙin kwas ba.

2.0 Larurar da Ba a Gani

Mai keken guragu buƙatarsa a bayyane take: ɗaki a ƙasa, banɗaki mai faɗin ƙofa, mayar da darasi ajin da zai iya shiga. Abin da ke kansa shi ne ya nema tun kafin a raba ɗakuna.

Mai farfaɗiya kuwa sai ya faɗa ake sani. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Sutton ta 1999, wasu kotuna sun riƙa cewa wanda magani ya riƙe masa ciwon ba mai naƙasa ba ne. Gyaran ADA na 2008 ya toshe wannan ƙofa, ya shigar da larurar da ke zuwa ta tafi. Sai dai zaman jami'a cike yake da abubuwan da ke tayar da ciwon: kwana ana karatu, tsallake magani, fargabar jarrabawa. Wanda ya faɗi da asubar ranar jarrabawa zai iya wuni cikin ruɗewa da gajiya. Idan bai yi rajista da ofishin masu naƙasa ba, ba lallai a ba shi damar sake zama jarrabawar ba, domin galibi sassauci ba ya komawa baya. Wannan ya fi damun ɗan da ya taso inda ake danganta farfaɗiya da iskoki, aka saba masa da ɓoye ta.

A ganin mai wannan nazari, gwajin shiri guda ne: ɗalibi ya iya bayyana ciwonsa da bakinsa. Ya san sunan maganinsa da lokacin shansa. Ya iya neman gadon ƙasa maimakon na sama. Ya iya gaya wa abokin ɗakinsa cewa idan abin ya taso a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, idan kuma ya wuce minti 5 a kira 911. Saboda haka ya kamata tun daga shekara 16 a riƙa barin sa ya jagoranci taron tsarin karatunsa, iyaye da malamai suna saurare.