Ina Jaridu Suka Shiga? Amsa Ga Mai Sauraronmu Na Dole Kaina

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar kifi daga Dole Kaina ta Jihar Kebbi, ya aiko mana da takarda yana cewa mahaifinsa ya rasu ya bar masa tarin tsofaffin jaridu a cikin adaka, amma shi rabonsa da ganin sabuwa a kasuwarsu har ya manta. To ina jaridu suka shiga?

To malam, Allah Ya jiƙan mahaifinka, kuma ka riƙe adakar nan da kyau.

Mai yiwuwa mafi yawan abin da ke ciki Gaskiya Ta Fi Kwabo ce. A Zariya aka fara buga ta cikin watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta na farko, kuma kwabo guda ake sayar da ita, sau ɗaya a wata. Daga baya ta kai ana buga ta sau uku a mako. Cikin shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fito wa larduna da nasu jaridun: Kano na da Sodangi, Katsina na da Himma, Lardin Sakkwato kuwa, wanda ƙasarku ke cikinsa a lokacin, Zaruma ce tasa. An rufe NORLA a 1959.

Sai dai ko a wancan zamanin, jarida ba ta isa bakin iyaka da sauƙi. Daga Zariya ko Kaduna sai Sakkwato, sai Birnin Kebbi, sannan ta jira direban da zai yi wajen Kamba ko Bagudo. Kafin ta kai bakin Kwara labarin ya kwana. Amma fa ƙwaya ɗaya tana isar unguwa guda. Malamin makaranta ko malamin haraji zai zauna bayan La'asar ya karanta da ƙarfi, manomi da masunci da bafatake suna saurare. Wato kunne ya fi ido yawa a wajen karatun jaridar ƙauye, shi ya sa da akwatin rediyo mai batir ya yi araha, mutane ba su ji wuyar komawa gare shi ba. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya fara a 1962, Muryar Amurka ta biyo da Hausa a 1979. Mu ma'aikatan rediyo ba za mu ce babu hannunmu a ciki ba.

Abin da ya karya ƙashin bayan jarida dai, a ganina, tsadar takarda ce. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin nan na SAP, darajar Naira ta faɗi, alhali tawada da kayan injin buga jarida duk daga waje ake sayo su. Masana'antar takardar jarida ta Oku-Iboku, wadda ta fara aiki a wannan shekarar, ba ta fita shekarun 1990 da rai ba. Kuɗin jarida ya tashi. Dillali kuma ya lissafa kuɗin mota ya ga ba riba ya aika ƙwaya biyar ko goma ƙauyen da ke nesa, sai ya tsaya cikin birni. Ku ne aka fara yankewa, tun jaridun na raye.

Sauran labarin gajere ne. Wayar salula ta shigo a 2001, masu talla suka bi mutane can. A 2012 gwamnatin Kano ta rufe kamfanin Triumph, wanda ya riƙa buga Albishir da kuma Alfijir ta ajami. Kamfanin New Nigerian na Kaduna, mai Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ma bashin albashi ya durƙusar da shi cikin shekarun 2010.

Ka tambaya ko an yi asara. An yi. Idan na faɗi farashin takin gwamnati a rediyo da safe, da maraice wani ya ce maka ba haka ba ne, ba ka da abin nuna masa. Mahaifinka kuwa sai ya buɗe adaka ya zaro shafin, da kwanan wata a samansa. Saboda haka ma muke buga waɗannan amsoshi, ko da ban san ranar da wannan shafin zai iso maka ba.

Batun adakar: a raba ta da ƙasa saboda gara da damshin bakin kogi, kuma don Allah kada yara su kai wa mai ƙosai.