Daga tarar dubagari zuwa sabulun rigakafi

A zamanin En'e, da tsoro ake kiyaye lafiyar jama'a a ƙasar Kano. Dubagari ya leƙa randa, ya duba masai da kwata, in ya ga ƙazanta sai tara. Har yau akwai tsofaffi a Rano da Kibiya masu tabon lambar agana a damtse.

Cutar shan inna ce ta sauya salon. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafinta, saboda raɗe-raɗin cewa ɗigon na hana haihuwa, ga kuma ciwon gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yaran Kano a 1996 bai warke ba. An dawo da aikin a watan Yulin 2004, amma ƙofofi da yawa suka ci gaba da zama a rufe. Magidanta na da tambayar da ke ɗaure wa jami'ai baki: yaya za a biyo mutum har zaure da maganin kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama ɗansa sai ya sayi ko da farasitamol? Tambayar kuwa tana kan hanya.

Amsar ta fara zuwa a 2006, lokacin da aka haɗa ɗigon da bitamin A, maganin tsutsar ciki, sabulu, wani lokaci har da gidan sauro. Mata ke shiga cikin gida, mai unguwa na tsaye a waje, a shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, a rubuta alama da alli a bango. Daga baya aka ƙara da alawa da madara, da sansanonin duba marasa lafiya kyauta. Wasu iyayen ma suka koyi ciniki: babu sabulu, babu yaro.

Yaro na ƙarshe da ƙwayar asali ta shan inna ta kama a Kano, a Sumaila aka same shi, can gabas da Kibiya, ranar 24 ga Yulin 2014.

Sai kuɗi ya shigo. Ƙungiyar New Incentives ta gwada shi daga 2017 a Katsina, Zamfara da Jigawa, kafin ta iso Kano: a lokacin gwajin, naira 500 ga uwa duk zuwan da ta kai jariri rigakafi, naira 2,000 ranar allurar ƙyanda, wadda sai jariri ya cika wata tara ake yi, lokacin da ƙafar uwa ta riga ta ɗauke daga asibiti.